Sunayen da Mashin Yake Ji

Buraima ya sauka a tashar Gure ranar wata Laraba ta watan Yuli, shekarar 1977, da akwati ɗaya da wani littafi mai kauri da ya naɗe cikin rigar sanyi don kada ruwa ya taɓa shi. Shekara biyu rabonsa da gida. Gwamnati ce ta ba shi burs, wato kuɗin karatu, ya tafi Kanada, wani gari da ake jin Faransanci, ya koyi aikin ordinatar, mashin ɗin nan mai lissafi da mutanen Gure a lokacin sai dai labarinsa.

Goggo Zuwaira, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, ita ce kuma ta fara gane akwai abin da ke damunsa. Ta dama masa fura da nonon safe, ya sha rabi ya ture ƙwarya. Aka tambaye shi labarin ƙanƙara da jirgin sama, ya ba da amsa a gajarce. Goggo ta sami yayanta a zaure ta ce, "Yaya, yaron nan da kaya ya dawo, kuma ba na akwati ba."

Malam Barmo, mahaifin Buraima, ya ce ya gani. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tangaraho a gidan waya kafin ya aje aiki, har yanzu kuma in yana tunani sai yatsansa ya riƙa ƙwanƙwasa gwiwa. Ba mai saurin tambaya ba ne. Sai da aka kwana uku, aka yi ruwa da asuba, sannan ya ce wa Buraima ya raka shi gona su ga yadda gero ya tashi.

Suna kan tudun rairayi, gero bai kai gwiwa ba, Buraima ya ce, "Baba, na faɗi egzama."

"To."

"Sun ba ni dama in sake a watan Satumba. Ban san ko zan koma ba."

Malam Barmo ya sunkuya ya cire wata ciyawa ya kaɗe mata ƙasa. Ya ce, "Lissafin ne ya fi ƙarfinka?"

"Lissafi ba ya ba ni wuya. Maganar mashin ɗin ce." Ya yi masa bayani a hankali. Mashin ɗin makarantarsu ba ya jin komai sai wasu sunaye, kowane suna da aiki guda da yake yi. Mutum zai jera sunayen a takarda, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake jera wa ɗan aike saƙo, sai wani sashe na mashin ɗin da ake kira shell ya bi su daki-daki. "Amma sunayen, Baba, ba kai ba gindi. Wani harafi biyu ne, wani uku, ba Faransanci ba, ba kuma Ingilishin da ake faɗa ba. Na isa makarantar da latti, an riga an wuce wurin, na ji kunyar tambaya. Sai na haddace su haka nan. Ranar egzama na so in matsar da aikina wani wuri, maimakon in buga mv sai na buga rm. Shi rm sharewa yake yi. Aikin awa uku ya tafi ina kallo."

Malam Barmo bai yi mamaki ba. Ya san autansa. Tun yana ajin farko a lakwal ba ya riƙe abin da ba a gaya masa dalilinsa ba. Mushensu, wato malamin ajinsu, ya taɓa zuwa gida ƙara, wai yaro ya ƙi yarda bakwai sau takwas hamsin da shida ne sai da ya jera tsakuwa ya ƙirga.

Da suka koma gida ya sa tabarau ya ce a ba shi littafin. Ba ya jin Ingilishi ko kalma ɗaya, amma ya daɗe yana bin jerin sunayen da yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Da me kake yi wa mashin ɗin magana?"

Buraima ya kwatanta masa: wani abu kamar tafireta a kan ƙafa, maɓallansa zagaye masu tauri, takarda tana fitowa daga nadi, ga ƙara kamar ana sussuka.

Tsohon ya yi dariya har tabarau ya zame masa. "Ai na san shi. An kawo mana irinsa a Damagaram shekarata biyu kafin in bari. Kowane harafi sai ka danna kamar kana fasa goriba. Buraima, mutumin da ya wuni yana danna wannan abu ba zai rubuta doguwar kalma ba, ko ɗan sarki ne. Mu ma haka muka yi. In tsawa ta hana ni jin na wancan gefe, ba na rubuta masa wasiƙa, QRN nake bugawa, ya gane. Waɗannan sunaye naka ba aljanu suka raɗa su ba. Mutane ne masu gajiyayyun yatsu." Ya sa farce a ƙarƙashin cp, da mv, da rm. "Dubi nan. Ajami ne ba wasali. Sun cinye wasulan sun bar maka ƙashi. Wanda ya san kalmar zai mayar da naman."

"Kalmomin na Ingilishi ne, Baba."

"To, muna da Manzo."

Manzo mutumin Nguru ne, yana da kanti a bakin kasuwa inda yake sayar da atamfa da kwanukan samira. Shekara ashirin suna shan shayi tare da Malam Barmo suna gardama a kan ko Faransa ko Ingila wa ya fi iya ɓata ƙasa. Ya yi elementare shekara huɗu a garinsu, yana kuma da wani ƙaramin ƙamus da gara ta cinye farkonsa har zuwa tsakiyar harafin B. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya gyara hula ya kori kaji daga bakin kanti.

Ranar farko abin ya tafi sumul. Manzo ya mayar wa cp wasulanta ta zama copy, wato kwafa. Mv ta zama move, matsarwa. Rm ta zama remove, cirewa. Buraima ya rubuta a kaye, littafin rubutunsa, ya ji kamar an buɗe taga a ɗaki. Ya ce, "Ashe da na san m ɗin farko na matsarwa ne, da ban yi abin da na yi ba."

Rana ta biyu aka zo kan cat.

"Wannan ko ƙamus ba na buƙata," in ji Manzo. "Mage ce."

"Baba Manzo, aikinsa haɗa takardu ne, ya jona wannan a gindin wancan ya fitar da su tare."

"Ka taɓa ganin mage tana kwashe 'ya'yanta? Ɗaya bayan ɗaya take ɗauko su ta tara wuri guda. Bature ya lura da wannan."

Buraima ya duba layin farko na shafin, ya ga wata doguwar kalma mai kama da wadda suke faɗa a lissafi da Faransanci, ma'anarta ƙulla abu da abu kamar sarƙa, ga kuma c da a da t zaune a tsakiyarta. Ya nuna masa. Manzo ya duba ya ce wannan ma ra'ayi ne, amma shi yana nan a kan mage.

Daga nan abin ya zama na kullum. Bayan sallar la'asar su ukun za su zauna, wani lokaci a kanti, wani lokaci a zauren Malam Barmo in hadari ya taso. Suka gano sleep barci ne, yana sa mashin ya ɗan dakata. Suka gano nice na nufin mai kirki, aikinsa kuwa ya sa aikinka ya ja baya wasu su wuce, sai Malam Barmo ya ce wannan suna ya dace, don a bakin rijiya ma haka ake gane mai kirki.

Wata rana a zaure Manzo yana fassara shafin wait da ƙarfi, yana bin layi da yatsa: "Uwa za ta jira... har ɗanta ya mutu. In ba ta da ɗa, ba za ta jira ba. Ga kuma kill, shi kashewa ne kai tsaye."

Goggo Zuwaira tana tafe da tiren shayi, ta tsaya cik. Ta aje tiren ta ce, "Buraima, wannan ne karatun da aka ɗauke ka a jirgi dominsa?"

Sai da ya yi ta rantsuwa cewa ba mutum ake nufi ba, aiki ne ke haifar wani aiki a cikin mashin, shi ake kira ɗa, in ya gama aikinsa a ce ya mutu. Goggo ta ce ko ma mene ne, mutanen da suka rasa kalmar da za su sa sai wannan ba su taɓa riƙe jariri mai zazzaɓi ba. Ta kwashi kofunanta ta shige.

Akwai wanda ya gagari ƙamus, wato tee. Manzo ya dage shayi ne, kuskuren rubutu aka yi. Buraima ya ce aikinsa ba ya kama da shayi: a mashin ɗin ana iya zuba abin da wani umarni ya fitar cikin bakin wani umarni, kamar ruwa a tiyo, shi kuma tee ana sa shi a tsakiya, ya bar abin ya wuce amma ya karkatar da kwafinsa gefe. Ɗan Talata mai gyaran famfo yana kantin a lokacin, ya zo zaɓen atamfa. Ya juyo ya ce, "Wannan ai te ne." Ya laluba jakarsa ya fito da wani guntun ƙarfe mai baki uku, mai siffar harafin T. "Ruwa ya shiga nan, ya wuce nan, ya kuma fita nan. Kullum da shi nake aiki." Ya mayar da abinsa jaka ya ci gaba da duba zane. Manzo ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Shi kuwa grep, wanda ke tsamo duk layin da ke ɗauke da kalmar da kake nema, mako guda suka yi a kansa. Manzo ya ce inabi ne, ana tsinkar sa ɗaya-ɗaya. Buraima ne ya gano shi da kansa wata safiya, a wani shafi dabam mai bayanin yadda ake gyara rubutu: g na nufin a duba ko'ina, re siffar abin da ake nema, p a buga shi. Tsohon umarni ne mai gaɓa uku aka manne ya zama suna. Ya fito tsakar gida ba takalmi yana neman babansa. Guda ɗaya dai ya fi ƙarfinsu, dsw, don littafin da kansa cewa ya yi sunan tsohon yayi ne kuma asalinsa abin dariya ne, bai ƙara komai ba. Malam Barmo ya ji haushin wannan ƙwarai. Ya ce mutum ya ce maka yana da labari mai ban dariya sannan ya tashi ya tafi, ai rashin tarbiyya ne.

Ana cikin haka matar Dauda, wan Buraima, ta haifi 'ya mace. Dangi a warwatse suke, wasu a Kelle, wasu a Bune, wasu a Alakos, kuma kowa sai an aika masa goron suna da sunansa. Malam Barmo ya ce ga aiki ya samu. Sanin suna dabam, iya jera su dabam. Ya sa Goggo ta faɗi sunayen da ta tuna, Dauda ya faɗi nasa, shi ma ya faɗi nasa, aka rubuta takarda uku, kowane layi suna da gari. Da yake kowa da nasa tunanin, sunaye da yawa sun fito sau biyu ko uku.

"Kai ka rubuta umarnin," ya ce wa Buraima. "Ni ne mashin. Abin da ka rubuta shi zan yi, ba abin da kake nufi ba."

Ya zauna a tabarma ya miƙe baya, ya jera farar takarda da bik na rubutu a gabansa. Buraima ya rubuta layukansa ya miƙa. A gwajin farko ya sa rm kafin cp, yana so ya kwafe takardar Goggo sannan ya kawar da tsohuwar. Malam Barmo ya karanta, ya ɗauki takardar Goggo ya yaga ta gida huɗu.

"Baba, ai ba a kwafe ba tukuna."

"Ba na jin Hausa," in ji Malam Barmo. "Layi na gaba."

Dole Buraima ya koma madafa ya roƙi Goggo ta sake faɗo sunayen tun daga farko, tana tuƙa tuwo tana yi masa ciwon baki. A gwaji na biyu ya natsu. Ya sa cat ya haɗa takardun uku, ya zuba wa sort ya jera su bisa haruffa, ya zuba wa uniq, wanda aikinsa in layi biyu iri ɗaya suka zo jere ya bar ɗaya ya jefar da ɗaya. Daga nan grep ya ware na Kelle dabam, na Bune dabam, na Alakos dabam. Tsohon ya yi aikin tun hantsi har azahar, bai ɗaga kai ba, rubutunsa tsaf irin na gidan waya. Da ya gama ya cire tabarau ya koma uba, ya ce, "Wannan ya yi." Aka ƙulla goro bisa takardun, aka ba direbobin kasuwa.

Ranar suna gida ya cika. Aka raɗa wa jaririya Mairamu, aka yanka rago. Da hantsi Goggo tana gaisawa da matan Bune, sai ta tambayi ɗaya daga cikinsu, Kadija matar Boyi, ina takwararta.

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Goro ɗaya aka kawo, aka ce na Kadija ne. Ni aka ba. Ita Inna Kadija ta ce tunda ba a kira ta ba, ba za ta zo ba."

Goggo ta bar baƙi ta nufi zaure, ta sa aka kira mata uba da ɗa. Kadija biyu ne a Bune. Ɗaya matar Boyi, ɗayar kuwa Inna Kadija, yayar marigayiya uwar Buraima, wadda ta yi wa uwar tasa wankan jego lokacin haihuwarsa. Buraima ya ɗauko takardun ya duba. Goggo ta faɗi Kadija, Bune, tana nufin tsohuwar. Dauda ya faɗi Kadija, Bune, yana nufin matar Boyi. Da aka jera suka zo kusa da juna, uniq ya ga layi biyu iri ɗaya ya jefar da guda.

"Yaya, kai da hannunka ka soke ta?" in ji Goggo.

Malam Barmo ya sosa ƙeya. "Na soke layi. Wallahi ban ga Kadija ba, layi na gani."

"To, mashin da mai mashin, ku shirya. Jibi kasuwa, akwai mota."

Haka suka hau bayan kamiyo da sassafe, Malam Barmo da ƙullin goro da turmin atamfa da Manzo ya zaɓa, Buraima da cinyar ragon suna da Goggo ta soya ta ajiye. Sau biyu motar tana kafewa a rairayi ana sauka ana turawa. Suka sami Inna Kadija a bayan gida tana ba awaki ƙaiƙayi. Doguwar tsohuwa ce, mai zane baƙi. Ta amsa gaisuwar Malam Barmo a taƙaice, Buraima kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shimfiɗa musu tabarma ta zauna nesa.

Malam Barmo ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. "Barmo, ba goro nake kuka ba, haƙorana ma ba sa iya shi. Ina so in ji wanda ya zauna aka lissafa dangi ya ce a bar ni."

Buraima ya matso ya durƙusa. "Inna, ni ne. Amma ba cewa na yi a bar ku ba." Ya rasa ta inda zai fara, sai ya tsinci tsakuwa ya jera a ƙasa. Ya ce ga sunan da Goggo ta faɗa, ga wanda Dauda ya faɗa. Ya nuna mata yadda aka haɗa, yadda aka jera, da yadda ya ba da umarni cewa duk biyun da suka zo iri ɗaya a ɗauke guda, don kada a aika wa mutum goro sau biyu. Ya ɗauke tsakuwa ɗaya. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, Malam Barmo kuma yana lura da haka.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tsakuwar da ta rage. Ta ce, "Shi wannan abu da ya ɗauke ni, yaya sunansa?"

"Uniq. Ma'anarsa tilo, wanda ba shi da na biyu."

"To ai ya faɗi gaskiya, ba ni da ta biyu. Sai dai ya ɗauke wadda ba ita ba." Murmushi ya so kuɓuce mata, ta danne. "Shi bai iya tambaya ba ne? Ya ce wace Kadijar?"

"Ba ya tambaya, Inna. Abin da aka rubuta kawai yake gani."

"To laifin mai rubutu ne. Duk Bune ba mai ce mini Kadija haka ziƙau. Kadija Doguwa ake cewa, ita kuma Kadijar Boyi. Ka tafi ƙasar Turawa ka manta." Ta juya ga Malam Barmo. "Kai kuma da furfurarka aka ce ka zama ƙarfe ka zama?"

"Na zama, Yaya Kadija."

"Ya yi kyau."

Ta tashi ta shiga ɗaki, suka ji tana motsa ƙore. Ta fito da fura da nono mai kauri ta dire a gaban Buraima, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta ƙara masa. Sai a lokacin ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta ce ya rame, goshin kuma na uwarsa ne. Ta hana su komawa ranar. Washegari ta biyo su Gure a motar, da cuku a ƙulle cikin zane, ta ce za ta ga jaririyar da idonta tunda takarda ba abin yarda ba ce.

A hanya, motar tana tangaɗi tsakanin gorubai, Malam Barmo ya karkato ya ce wa ɗansa, "Jiya da kake yi mata bayani, ka duba kaye?"

"A'a."

"To."

Da suka isa gida Buraima da kansa ya je tasha ya tambayi ranar da motar Damagaram take tashi.

Ya koma Kanada a ƙarshen watan Agusta. Wasiƙarsa ta iso bayan an gama girbi: ya ci egzama, sha uku bisa ashirin, ba yabo ba fallasa. Malam Barmo ya karanta ta sau biyu a zaure, ya kai wa Manzo kanti, Manzo ya gaya wa duk wanda ya shigo sayen kwano a makon nan cewa ɗalibinsa ya ci jarrabawa a Kanada.

Bayan shekara biyu Buraima ya dawo ƙasa, aka ba shi aiki a wani ofis a Yamai. Mashin ɗin da ya tarar a can na wani kamfani ne dabam, da kati mai huji ake yi masa magana, kuma ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba ya ji. Ya zo hutun Sallah ya gaya wa babansa haka, yana dariya. Malam Barmo ya tambaye shi ko akwai wanda ya girme shi a aikin. Ya ce akwai wata mata, ita ta fi kowa sani, tun ranar farko ya ja kujera kusa da ita ya ce bai gane ba, ta fara masa daga tushe.

Goggo ta leƙo ta ce tuwo yana hucewa. Suka tashi suka shiga, Mairamu tana biye da su tana jan rigar kakanta.